Kowa Tasa Ta Fishe Shi? Martani Ga John Mackey Kan Asibiti Da Ikon Gwamnati

A watan Agustan 2009, lokacin da Majalisar Dokokin Amurka ke tsakiyar tafka muhawara kan dokar kiwon lafiyar da aka yi wa laƙabi da Obamacare, jaridar Wall Street Journal ta buga wata maƙala da ta tayar da ƙura. Marubucinta shi ne John Mackey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kantunan Whole Foods, inda masu abin hannu ke zuwa sayen ganyayyaki da 'ya'yan itatuwan da ba a noma da takin zamani ba. Cikin 'yan kwanaki fusatattun abokan cinikinsa suka buɗe shafi a Facebook suna kiran a ƙaurace wa kantunan. Aka yi ta hayaniya har aka gaji. Hayaniyar dai ba ta amsa hujjojin mutumin ba, ga shi kuwa har gobe su ne 'yan libatariyan, wato masu aƙidar gwamnati ta tsame hannunta daga harkokin jama'a, ke maimaitawa duk sa'ad da maganar asibiti ta taso a Washington.

Mackey bai yi noƙe-noƙe ba. Ya ce duk wanda ya karanta takardar ayyana 'yancin kan Amurka da kundin tsarin mulkinta a tsanake ba zai ga inda aka ce kula da lafiya haƙƙi ne na ɗan ƙasa ba, kamar yadda ba a ce abinci ko muhalli haƙƙi ne ba. Magani haja ce, a bar wa kasuwa. Ya kafa misali da kamfaninsa: ma'aikacin da ke aikin awa 30 ko fiye a mako, kamfani ne ke biya masa kuɗin inshora gaba ɗaya, amma dala 2,500 ɗin farko na jinyar shekara daga wajen ma'aikacin za su fito, sai kamfani ya zuba masa abin da ya kai dala 1,800 a wani asusun lafiya, wanda idan bai kashe ba ya zama nasa na baɗi. A ganinsa, mutumin da ke kashe kuɗin kansa ya fi mai kashe na wani taka-tsantsan. Daga nan ya jero gyare-gyare takwas, daga ciki har da a daina gindaya wa kamfanonin inshora cututtukan da dole su ɗauki nauyinsu, a bar su su sayar da hajarsu daga wata jiha zuwa wata, a rage ƙarar likitoci a kotu, a bayyana farashi a fili, sannan a sauƙaƙa wa masu hali bayar da sadaka don marasa inshora.

Matsalar tsarin ita ce an ɗinka shi daidai jikin mai lafiya mai aikin yi. Iyakar da Mackey ke son shata wa gwamnati ta bi ta inda za ta bar wa wannan mutumin duk tallafin da yake samu daga baitulmali, ta kuma janye daga kan wanda ciwo ya kwantar.

A fara da tsarin mulkin, tunda da shi ya yi tinƙaho. Gaskiya ne babu kalmar asibiti a ciki. Babu makarantar firamare ma, babu motar kashe gobara. Abin da ke ciki shi ne ikon Majalisa na karɓar haraji domin amfanin jama'a, kuma mutanen da suka kafa ƙasar ba su jira kowa ya yi musu fassarar wannan ba. A watan Yulin 1798 Shugaba John Adams, wanda sa hannunsa na kan takardar ayyana 'yancin kan da Mackey ke magana a kai, ya rattaba hannu kan dokar da ta wajabta cire santi 20 duk wata daga albashin matuƙan jiragen ruwa na 'yan kasuwa, don a riƙa jinyarsu a kuma gina musu asibitoci. Ba a tambayi matuƙin ko yana so ba. Daga waɗannan asibitocin ne hukumar lafiyar jama'a ta Amurka ta samo asali.

Sai batun kasuwar da ake cewa a bar wa komai. Inshorar da Whole Foods ke saya wa ma'aikatansa tana tsaye ne kan wata gata da gwamnati ta yi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an hana kamfanoni ƙarin albashi yadda suka ga dama, sai suka koma zawarcin ma'aikata da inshorar lafiya, dokar haraji ta 1954 kuma ta tabbatar da cewa ba a biyan haraji kan wannan kuɗin. Abin da baitulmali ke yafewa ta wannan hanya ya kai ɗaruruwan biliyoyin dala duk shekara, kuma mai babban albashi ne ya fi cin moriyarsa. Asusun ajiyar lafiyar da Mackey ke yabo shi ma Majalisa ce ta ƙirƙiro shi a dokar 2003 da George W. Bush ya sanya wa hannu, kuma daɗinsa duka shi ne ba a cire masa haraji. Mackey ya san da wannan, don ya nemi a faɗaɗa gatar ta kai ga mai sayen inshora da kansa. Madalla. Amma wanda ke neman a ƙara yawan masu shan romon haraji ya riga ya yarda gwamnati ta sa hannu a harkar. Gardamar da ta rage ita ce wa za a ba, nawa kuma za a ba shi.

Inda hujjar ta fi yin tuntuɓe shi ne ƙofar ɗakin agajin gaggawa. A farkon shekarun 1980 asibitoci masu zaman kansu a Amurka sun yi ƙaurin suna wajen tura majinyatan da ba su da inshora zuwa asibitocin gwamnati, ko da kuwa suna cikin mawuyacin hali. Wasu likitoci a asibitin Cook County da ke Shikago suka bi diddigin mutum 467 da aka turo musu ta wannan hanya, suka wallafa sakamakon a 1986. Kashi 87 cikin 100 rashin inshora ne dalilin turo su, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu an ɗauko su ne jikinsu bai daidaita ba. A shekarar ne Ronald Reagan, gwarzon masu son ƙaramar gwamnati, ya sa hannu kan dokar da ta tilasta wa duk asibitin da ke karɓar kuɗin shirin Medicare na jinyar tsofaffi ya duba duk wanda aka kawo ɗakin gaggawa, ya kuma ceto ransa, da kuɗi ko babu. Mai karatu a Kano ko Maraɗi da ya taɓa tsayawa gaban kanta ana cewa sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa mara lafiya ba sai an yi masa dogon bayanin abin da dokar ta zo hanawa ba.

Mackey bai nemi a soke wannan doka ba. Bai ma ambace ta ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Da zarar al'umma ta yanke cewa ba za a bar wanda mota ta buge ya mutu a bakin ƙofa don aljihunsa babu komai ba, to ta riga ta mayar da wani ɓangare na jinya haƙƙi, ko an rubuta a tsarin mulki ko ba a rubuta ba. Kuɗin aikin da aka yi masa kuwa ba ya ɓacewa a iska. Asibiti zai ɗora shi kan masu inshora, ko gwamnati ta cike giɓin da haraji. Saurayin da ya ce shi lafiyarsa ƙalau, 'yancinsa ne ya ƙi sayen inshora, yana kama da wanda ya ƙi zubin adashi amma an yi masa alkawarin kwasa ranar da ya matsu.

Masu ra'ayin riƙau ne ma suka fara gane haka. A 1989 cibiyar Heritage Foundation, wadda ba wanda zai zarge ta da gurguzu, ta fitar da shawarar a wajabta wa kowane gida mallakar inshora, da hujjar cewa kowa ya ɗauki nauyin kansa. Mitt Romney, ɗan jam'iyyar Republican, ya mayar da shawarar doka a jihar Massachusetts a 2006. Sai da Barack Obama ya ɗauke ta aka fara kiranta kama-karya.

An taɓa jefa wa wani jigon aƙidar tambayar ƙiri-ƙiri. A wata muhawarar masu neman takarar shugaban ƙasa da tashar CNN ta shirya a Satumban 2011, Wolf Blitzer ya tambayi Ron Paul, wanda shi kansa likita ne: saurayi ɗan shekara 30 mai aikin yi ya ƙi sayen inshora, sai ga shi ya faɗa dogon suma yana buƙatar wata shida a hannun likitoci, a bar shi ya mutu? Wasu daga cikin 'yan kallo suka ɗaga murya suka amsa da e. Paul ya ce a'a, coci-coci da maƙwabta ne suka saba ɗaukar irin wannan nauyin. Amsar Mackey ke nan ita ma, sadaka. Ba wanda ke raina sadaka, amma jama'ar Amurka sun gwada ta a fili: shugaban dandalin neman taimako na GoFundMe ya taɓa bayyana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na roƙon da ake yi a shafinsu na kuɗin jinya ne. A irin wannan kasuwa mai kyakkyawan hoto da abokai masu hali ke tashi da wani abu, tsohon da ba shi da mai rubuta masa labari kuwa sai dai ya jira ikon Allah.

To taka-tsantsan ɗin da aka ce kashe kuɗin kai na koyarwa fa? Wannan ma an gwada. Daga shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 cibiyar bincike ta RAND ta rarraba dubban iyalai zuwa tsare-tsaren inshora daban-daban ta hanyar ƙuri'a, wasu jinya kyauta, wasu kuma suna biyan kaso mai tsoka. Masu biya sun rage zuwa asibiti da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma matsakaicin mutum bai ga illa a jikinsa ba. Har nan Mackey na da gaskiya. Sai dai binciken ya nuna mutane ba sa tantancewa: sun rage jinyar banza, sun kuma rage mai amfani daidai wa daida, sannan talakawa masu hawan jini sun fi samun sauƙi a tsarin kyauta. Shekaru da dama bayan haka masana tattalin arziki suka bi sawun ma'aikatan wani babban kamfani da ya koma irin tsarin Whole Foods. Kuɗin da ake kashewa ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100, amma ba su ga alamar ma'aikatan sun koyi zagaya asibitoci neman rahusa ba. Ƙin zuwa kawai suka yi.

Ko da sun koya ma, ba nan kuɗin yake ba. A kowace shekara kusan rabin duk abin da Amurka ke kashewa kan jinya yana tafiya ne kan kashi 5 cikin 100 na jama'a: masu sankara, masu wankin ƙoda, jariran da aka haifa bakwaini, waɗanda aka yi wa aikin zuciya. Irin waɗannan sun wuce dala 2,500 tun kafin a gama cike takardar kwantar da su. Wanda zuciyarsa ta buga ba ya tambayar direban motar asibiti ina ya fi araha. Masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya yi wannan bayanin tun 1963: mai sayen magani bai san ranar da zai buƙace shi ba, bai san ingancinsa ba, kuma wanda ke sayar masa shi ne mai gaya masa abin da yake buƙata.

Neman a daina gindaya wa kamfanoni sharuɗɗa kuwa ya zo ne a mummunan lokaci ga Mackey. Wata biyu kacal kafin maƙalarsa, a Yunin 2009, wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da aka gano tana da sankarar mama. Ana saura 'yan kwanaki a yi mata tiyata kamfanin inshorarta ya dakatar da komai, ya shiga tonon takardunta, ya fake da wata ziyarar da ta taɓa kai wa likitan fata saboda ƙurajen fuska, daga baya ya soke inshorar. Kwamitin ya gano manyan kamfanoni uku sun soke inshorar mutum kusan 20,000 cikin shekara biyar, abin da ya sa suka tsira da sama da dala miliyan 300. Aka tambayi shugabanninsu uku ko za su yi alkawarin taƙaita sokewar ga wanda ya yi ƙarya da gangan kaɗai. Dukansu suka ƙi. Ba mugunta ce ta musamman ba: kamfanin da ya buɗe ƙofa ga marasa lafiya shi kaɗai, alhali abokan gasarsa na kora, karyewa zai yi. Shi ya sa sai doka ce ke iya ɗaure su gaba ɗaya.

Wannan ya shafi wata maganar da Mackey ya rufe da ita, cewa yawancin cututtukan da ke cinye kuɗi mutane ne ke jawo wa kansu ta hanyar cima da sigari da rashin motsa jiki. Ba laifi mai sayar da ganye ya yabi ganye, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma Amurkawa kusan 100,000, yawancinsu baƙar fata, an haife su da cutar sikila. Kafin dokar Obamacare ta 2010 irin wannan yaron idan ya girma ya je sayen inshora da kansa ana iya mayar da shi saboda ciwon da ya zo da shi duniya, ko a yanka masa iyakar kuɗin da za a kashe a kansa tsawon rayuwa. Babu yawan latas ɗin da zai ci ya sauya jininsa.

Sauran shawarwarin ba sa buƙatar dogon zance. Jihar Jojiya ta buɗe ƙofarta ga inshorar wasu jihohi a 2011, aka yi ta jira ba kamfanin da ya shigo, domin wahalar ba a takardar izini take ba, a ƙulla yarjejeniya da asibitoci da likitocin wurin take. Rage ƙarar likitoci kuwa, ofishin kasafi na Majalisa ya ƙiyasta a 2009 cewa zai rage kuɗin lafiyar ƙasar da rabin kashi ɗaya cikin 100. Teksas ta ƙayyade diyyar raɗaɗi da wahala a irin waɗannan ƙararraki a dala 250,000 tun 2003, amma a 2006 shirin Medicare na kashe kusan dala 15,000 kan kowane tsoho a garin McAllen na jihar, ninki biyu na abin da ake kashewa a El Paso, ita ma a jihar.

Kan bayyana farashi Mackey ya yi daidai ɗari bisa ɗari. Abin dariyar shi ne kasuwa ba ta yi shi da kanta ba. Sai a Janairun 2021 aka wajabta wa asibitoci wallafa farashin da suka daidaita da kamfanonin inshora, bisa umarnin gwamnatin Donald Trump, wadda ta dogara da wani sashe na dokar Obamacare, bayan ƙungiyar asibitocin ta kai ƙara kotu ta sha kaye. Haka ma layin jiran tiyata a Kanada da Ingila da ya yi ta nanatawa, gaskiya ne akwai shi, kuma masu yabon waɗannan ƙasashen su daina ɓoye shi. Sai dai a 2023 Amurka ta kashe dala tiriliyan 4.9 kan lafiya, fiye da kashi 17 cikin 100 na tattalin arzikinta, Kanada da Birtaniya na kashe kashi 11 zuwa 12, kowa nasu na da inshora, suna kuma fin Amurkawa tsawon rai. Wanda bai je asibiti ba don tsoron takardar kuɗi ba ya bayyana a lissafin masu jiran layi.

Ko malaman da Mackey ke jingina da su ba su kai inda ya kai ba. Da maganar Margaret Thatcher ta Birtaniya ya buɗe maƙalarsa, matar da ta sayar da kamfanonin tarho da iskar gas da jiragen saman gwamnati, amma ta yi shekara 11 tana mulki ba ta sayar da hukumar lafiya ta NHS ba. Friedrich Hayek, a littafinsa The Road to Serfdom na 1944 wanda 'yan libatariyan ke ɗauka tamkar jagora, ya amince gwamnati ta taimaka a kafa inshorar jama'a mai faɗi don ciwo da haɗari. Singafo da 'yan wannan aƙida ke son kafa misali da ita, asusun lafiyarta na Medisave da aka fara a 1984 dole ne, daga albashi ake cirewa, yawancin gadajen asibitin ƙasar kuma na gwamnati ne.

Wannan ba ya nufin tambayar iyakar ikon gwamnati shirme ce. Da batun ya je Kotun Ƙoli a 2012, Mai Shari'a Antonin Scalia ya tambaya ko gwamnatin da ta iya tilasta sayen inshora za ta iya tilasta sayen ganyen burokoli, kuma Alƙalin Alƙalai John Roberts ya yarda cewa ikon tsara kasuwanci bai kai nan ba. Ya bar dokar ne a matsayin haraji, da ƙuri'a 5 da 4. A 2017 Majalisa ta mayar da tarar ƙin sayen inshora sifiri, kuma tsarin bai rushe ba kamar yadda magoya bayansa suka yi ta hasashe. Abin da ya riƙe shi tallafin kuɗi ne daga baitulmali, har masu rajista suka haura miliyan 24 a 2025. Marasa inshora sun ragu daga kusan kashi 16 cikin 100 a 2010 zuwa kusan kashi 8. Cikin masu iya fakewa a wannan tsarin har da ma'aikata masu aikin rabin lokaci kusan 1,900 na Whole Foods, waɗanda kamfanin ya sanar a 2019, shekara biyu bayan Amazon ta saye shi, Mackey kuma na kan kujerarsa, cewa zai janye musu inshora.

Hukuncin na 2012 ya shata wa gwamnatin tarayya iyaka ta gaske a wuri guda: ba za ta tilasta wa jihohi faɗaɗa shirin Medicaid na talakawa ba, ko da ita ke biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin. Jihohi goma sun ci gaba da ƙi, babbarsu Teksas, inda hedikwatar Whole Foods take a birnin Austin. A can, baligin da ba shi da 'ya'ya kuma ba naƙasasshe ba, bai kuma kai shekara 65 ba, ba ya samun Medicaid komai talaucinsa, tallafin sayen inshora na tarayya kuma sai wanda samunsa ya kai ma'aunin talauci ake bai wa. Mai wanke-wanke a gidan abinci da samunsa ya gaza wannan ma'aunin ya faɗa tsakani, babu wannan babu wancan. Kusan mutum ɗaya cikin shida a jihar ba shi da inshora, ninki biyu na matsakaicin ƙasar, mafi yawa a duk jihohi 50. Idan suga ko hawan jini ya kayar da shi, ɗakin gaggawa zai karɓe shi bisa dokar Reagan, masu biyan harajin ƙaramar hukumarsa da masu inshora kuma su raba kuɗin.